Suna Ɗaya a Littafin Mushe

Ranar Litinin ta farko a watan Oktoba, shekarar da haƙorana na gaba suka faɗi, Inna ta tashe ni tun jakai ba su fara kuka ba. Ta cuɗe ni da sabulu har fatata ta yi zafi, ta shafe ni da man gyaɗa, ta zura mini rigar sallar bara wadda ta riga ta ɗage mini. Ranar ɗaukar sababbin 'yan lakwal ce, wato makarantar boko, a garinmu, wani ɗan gari tsakanin Gangara da Belbeji. Ana tsakiyar girbin hatsi, maza duk suna gona, don haka mata ne suka kai 'ya'yansu. Muka bi ta bayan rumbuna, ƙarangiya tana kama mini gefen riga, ina tsayawa in cire, Inna tana fizgar hannuna. Da muka isa filin lakwal sai na ɗauka kasuwa ce ta tashi ta dawo nan. Yara ko'ina, wasu na kuka, wasu sun ƙanƙame zanen uwayensu, ga darakta, shugaban lakwal ɗin, a gindin aduwa da ɗan teburinsa da wani dogon littafi mai baƙin bango, yana share zufa da hularsa.

A wancan lokacin ba uba ke kai sunan ɗansa ba. Kowane mai unguwa ne yake bi gida gida ya rubuto yaran da suka isa, ya kai wa darakta takardar, shi kuma ya kwafe su cikin littafin nan. Unguwanninmu na asali uku ne. Amma a shekarar an samu ta huɗu, wadda muke ce wa Tudu, inda wasu makiyaya daga wajejen Tenhya suka kafa bukkoki bayan yawancin dabbobinsu sun ƙare. Mutanen gari sun yi ta gunaguni, wai Tudu ba unguwa ba ce, zango ne, me zai sa 'ya'yansu su cinye wa 'yan gari wuri. Mai gari ya ce a ba su layi goma a littafin, aka ba su ana harara. Darakta kuwa ya faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa ya rufe littafi. Wanda ya ji sunansa ya shiga, wanda bai ji ba ya koma gida sai baɗi, kuma kowa ya san ma'anar baɗi: an ce ka wuce shekaru, shi ke nan.

Ya fara kira. Na kasa kunne. Can wajen tsakiya ya ce, "Hauwa Idi!" A gida Kulu ake ce mini, amma Inna ta kwana uku tana koya mini cewa wannan shi ne sunana na lakwal. Na zabura na miƙe. A daidai lokacin, daga can ɗaya gefen taron, wata siririyar yarinya mai kitson Fulani da 'yan kunne na azurfa ita ma ta miƙe. Yara biyar biyar ake turawa, ga ƙura ga hayaniya, ba wanda ya duba. Muka shige ta ƙofa ɗaya, kafaɗarta tana gugar tawa. Da aka gama, an bar yara da yawa a waje. Na hango wata maƙwabciyarmu ta durƙusa gaban tebur tana roƙo, darakta yana girgiza kai bai ko ɗago ba. Tun a ranar na gane cewa wuri a ajin nan abu ne da ake iya ƙwace wa mutum.

Ajin namu rumfa ce. Manya su ke da ɗakunan siminti biyu, mu 'yan farko aka kafa mana dirkoki aka kewaye da zana, aka rufe sama da zana da karan hatsi. An yi ta ne don yara arba'in ko hamsin, da aka ga yawanmu sai aka tsawaita ta ta baya, aka gicciya wani ƙaton gungumen gawo a kan dirka ɗaya don ya riƙe sabon rufin. Ƙofa kuwa ɗaya ce tak, can gaba kusa da allo. A ƙasa muke zama kan rairayi, gwiwa a bayan wani, gwiwar wani a bayanka. In fitsari ya kama na baya, sai ya taka mutum ashirin kafin ya fita, shi ya sa da yawa ba su fita ba, kuma hancinmu ya shaida. Malaminmu saurayi ne daga Damagaram, Mushe muke ce masa kamar yadda ake ce wa kowane malamin lakwal. Kakata ba ta taɓa yarda da wannan suna ba. Takan ce, "Mutum da ransa da lafiyarsa a ce masa mushe, kuma ya amsa!" Mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma fuskokin layi uku na gaba kawai ya sani. Sauranmu sunaye ne a littafi. A kusurwar allo ya rubuta yawanmu da alli, ɗari da goma sha biyu, kuma duk shekarar bai goge ba.

Washegari ya koya mana amsa kiran suna. Namiji ya ce "prezan", mace ta ce "prezant", wato "ga ni" da Faransanci. Kansa a sunkuye yake kira, don in ya tsaya duban fuska rabin safiya ta tafi. Da ya zo kan Hauwa Idi, murya biyu ta amsa. Ya ɗago, ya daki tebur da guntun tiyon da yake duka da shi, ya ce duk ja'irar da ta sake amsa sunan wata, gida za ta. Ya wuce. Na juya, muka haɗa ido da yarinyar nan. Ni fa tun ina ƙarama bakina ya fi ni girma. Da aka buga ƙarfen hutu na ja ta bayan rumfa, na riƙe ƙugu, na ce mata sunan nawa ne, ubana a garin nan aka haife shi, kakana ma haka, ita kuwa jiya jiya suka sauka. In Mushe ya sani, ita za a kora. Ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta, Hausarta a lokacin ba ta wuce ta ciniki ba. Sai na yi mata abin da na ɗauka alheri ne. Na ce zan ara mata: Litinin ni, Talata ita, haka har mako ya ƙare, kuma ko uwarta kada ta gaya wa. Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini ɓallin cuku. Na karɓa ba kunya na cinye a gabanta.

Haka muka zauna wata takwas. Wurinmu can ƙurya ne, jikin dirkar da ke ɗauke da gungumen gawo, inda idon Mushe ba ya kaiwa. Yaran da ke kusa da mu sun sani, suna ce mata Hauwan Tudu, amma yaro ba ya kai ƙarar yaro wurin mai tiyo. Ni da safe sai na share tsakar gida, na kai wa tumaki dusa, na raka yayata rijiya, wadda zurfinta sai jaki ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin guga ya fito. Duk da haka nakan tarar da ita ta riga ni, ta taho daga Tudu a ƙasa, ta share mana wurin zama da tafin hannu. Da hutu mukan yi carabke da 'ya'yan aduwa, ta cinye ni, in ce ta yi zamba. Hannunta ya iya rubutu, baƙaƙenta suna tsayawa cak a kan ɗan allonta, nawa kuwa kamar kaji sun yi tonon ƙasa. Ni kuma baki gare ni, waƙa da hadda ba a fi ni ba. To, ranar jarrabawa in an kira Hauwa Idi ta kawo allo, ita ke tashi. In an kira ta hadda, ni ke tashi. Da aka faɗi sakamako, Hauwa Idi ce ta uku a cikin ɗari da goma sha biyu. Baba ya saya mini takalmin roba. Ita ban san abin da aka saya mata ba, ban kuma tambaya ba.

Tun cikin sanyi muka fara jin gara a cikin dirkar nan. In aji ya yi tsit, abin da ba ya daɗewa, sai ka ji wani ɗan ƙas-ƙas a cikin itacen, kuma wani gari mai laushi yana zubo mana a kan allo. Hauwa takan hure shi ta ci gaba da rubutu. Da bazara ta shigo, in ka jingina sai ka ji dirkar ta ɗan ba da baya. Wata rana na tura yatsa a gindinta, ya shige har gaɓa biyu. Na yi niyyar gaya wa Mushe, amma in ya zo dubawa zai tsaya a kanmu, ya dube mu, ya tambayi sunan kowa. Na ja bakina. Kakata ta taɓa bi ta wurin za ta gidan suna, ta leƙa ta wata ɓula, ta dawo gida ranta a ɓace. Ta ce wa Baba, "Ko awaki ba a tara su haka a ƙofa ɗaya." Baba ya ce saura kaɗan a yi hutu, in damina ta wuce za a sake sabuwa. Kowa abin da yake cewa ke nan, saura kaɗan.

Wata Talata ce, farkon watan Yuni, mun koma karatun yamma. Tun azahar garin ya yi ɗif, ko ganye ba ya motsi, tsuntsaye sun yi shiru, zufa tana bin bayanmu. Wajen la'asar hasken da ke shigowa ta ramukan zana ya koma ja. Mushe ya leƙa waje, ya dawo da wata fuska da ban taɓa gani ba, ya ce kowa ya fita, a bi a hankali. Wane a hankali! Hadari ya taso daga gabas, iskar farko ta daki rumfa, ta yi wata ƙara, yara ɗari da wani abu suka yi kan ƙofa ɗaya. Mu na ƙurya muka ga ba mu da rabo a ƙofar nan. Na faɗi ƙasa na kutsa ta wata ɓula da awaki suka yi a gindin zana, kara ya yage mini kafaɗa. Na ji Hauwa a bayana, har hannunta ya taɓa diddigena. Sai ta ce, "Allona!" ta saki. Na fita na ruga, rairayi yana dukan idona. Ban kai ɗakin manya ba na ji wani abu ya yi rugum a bayana. Da na waiga, babu rumfa, sai tulin zana a kwance iska tana ɗaga gefensa tana saki.

Aka tara mu a jikin bangon siminti, inda iska ba ta kai sosai ba. Mushe ya fito da littafin nan a ƙirjinsa, ya ce kowa ya buɗe kunne ya amsa da ƙarfi. Yana kira yana ihu, ana amsawa cikin kuka. Ni kuwa ina ta ɗaga wuya ina neman kitson Fulani a cikin kawuna. Ya ce, "Hauwa Idi!" Ranar tata ce. Na jira. Ba a amsa ba. Ya sake kira, wannan karon ya ɗago kai, darakta ma ya juyo. Wallahi na san abin da ya kamata in faɗa, kalmomin suna bakina. Amma abin da ya zo mini shi ne maƙwabciyarmu a durƙushe gaban tebur, da takalmin roba, da tiyo. Na ce wa kaina ai Hauwa ta fi ni gudu, ta yi Tudu. Na ɗaga murya na ce, "Prezant!" Ya kai ƙarshen littafi ba wanda ya rasa amsawa. Ya rufe, ya shafa fuska, ya ce alhamdu lillahi, ɗari da goma sha biyu cif. Darakta ya ce kowa ya ruga gida kafin ruwa ya sauko.

Hanyar gidanmu ta gefen rumfar take. Na rage gudu a wurin. Na ji wani ɗan sauti, ko kuwa ban ji ba, iska tana kuka a cikin kara, na zaɓi in ce iska ce. Ina shiga gida ruwa ya ɓalle, ruwan farko na shekara, wanda kullum mukan fita mu yi tsalle a ciki. Yayyena suka fita, ni na shige ɗakin Kaka na zauna a bayan tukunyar ruwa. Ta miƙo mini fura na ce na ƙoshi. Ta taɓa goshina, ta dube ni ta gefen ido. Ina jin ruwa yana dukan rufi, ina lissafin yadda yake ratsa zana.

Mushe a shagon ƙofar gidanmu yake zaune, Baba ne ya ba shi. Ruwa ya tsagaita gab da magariba, sai muka ji sallamar mace a waje. Na leƙa ta zaure. Wata doguwar Bafulatana ce, jiƙe sharkaf, ba takalmi, tana maimaita suna ɗaya da 'yar Hausarta: Hauwa Idi, Hauwa Idi ba ta zo gida ba. Mushe ya ɗauko littafi ya buɗe mata, ko da yake ba ta iya karatu ba, ya ɗora yatsa a kan layin. Ya ce, "Ta fita lafiya, baiwar Allah. Ta amsa, da kunnena na ji ta." Baba ya ce wataƙila ta ɓata hanya cikin hadari, a duba wajen kududdufi. Matar ta dafe kai, ta juya za ta nufi kududdufi, wato ta ba lakwal baya. Wannan juyawar ce ta fasa ni. Na fito tsakiyarsu ina kuka ina cewa ni ce na amsa, mu biyu ne, tana ƙarƙashin rumfa. Mushe ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, kuma gaskiya ne, bai taɓa dubana da kyau ba. Ya yar da littafin a cikin taɓo ya ruga.

Maza suka ɗaga zana ɗaya bayan ɗaya. A ƙurya suka same ta, inda muke zama, gungumen gawo a kan cinyarta, rairayi da ruwa sun rufe mata rabin fuska. Allonta yana hannunta. Tana da rai, amma ta daina kuka tun tuni, idonta a buɗe kawai. Da aka ɗauko ta ta gan ni, sai ta yi ƙoƙarin ɓoye fuska daga Mushe, don har a lokacin tana tsoron kada a gane mu biyu ne. Aka sa ta a amalanke, washegari aka wuce da ita gidan likita a Tanout. Ƙafar ta ɗoru, amma ta gajarce. Mai ɗorin garinmu ya ce wa Baba da an ɗaga itacen da wuri da abin bai kai haka ba. A gabana ya faɗa, bai san ina ji ba, ko kuwa ya sani.

Kwana biyu bayan haka darakta ya kira ni da Baba. Littafin ya bushe ya kumbura, ya buɗe shi a gindin aduwa. Ya ce shi ne ya yi kuskuren: da yake kwafe takardun masu unguwa ya ga Hauwa Idi sau biyu, ya ɗauka maimaici ne, ya soke ɗaya. Sai ya bi layin da yatsa yana karantawa a fili. Unguwa: Tudu. Sana'ar uba: kiwo. Wurin haihuwa: Tenhya. Na tsaya kamar an dasa ni. Ashe ni aka soke. Wata takwas ina zaune a wurin yarinyar nan, ina cin cukunta, ina yi mata gorin aro. Darakta ya ce in ta warke layinta yana nan. Amma ubanta ya aiko cewa ya gode, abin da lakwal ta ci masa ya isa, kuma da ciyawa ta fito suka kwashe bukkokinsu suka yi arewa. Ba wanda ya so sufeton makarantu ya ji labarin, don haka ba a taɓa layin ba. Na ci gaba da amsawa, Litinin da Talata duka. Da lokacin jarrabawar satifika ta gama lakwal ya zo, daga littafin nan aka yi mana takardun haihuwa. Har gobe katin shaidata yana cewa a Tenhya aka haife ni, garin da ban taɓa takawa ba.

Sau ɗaya na sake ganin Hauwa. Na riga na zama ungozoma, na je Belbeji ranar kasuwa, sai na hango wata mace tana jan ƙafa tsakanin rumfunan masu nono, da faifan cuku a ka. Tafiyar na fara ganewa kafin fuskar. Na tsaya a gabanta na rasa gaisuwa, ni da baki bai taɓa ƙare mini ba. Ita ce ta yi dariya ta ce, "Kulu! Kin gama karatun namu?" Na ce na gama. Ta ce madalla, ai ta san Hauwa Idi ba za ta faɗi ba. Ta zaɓi cuku mafi kyau ta tura mini a jaka. Na nemi gafararta, ta ce yara ne mu, wa ya san wani abu. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Bana na kai autata ajin farko a nan Tanout. Yanzu uwa ke zuwa da takardar haihuwa a hannu, mai unguwa ba ya bi gida gida, ɗakunan siminti sun ƙaru, har da fenti. Amma unguwanni sun fi ɗakunan saurin ƙaruwa, kuma a bayan ginin, ga rumfar zana nan an kafa wa 'yan farko, da ƙofarta ɗaya. Na zagaya na tura yatsa a gindin kowace dirka, mai gadi yana kallona kamar mahaukaciya. Na leƙa ciki. Wata yarinyar malama ce, kanta a sunkuye a kan littafi, tana kira ana amsawa, ga lamba a kusurwar allo. Na tsaya ina ƙidaya kawuna da ido har sau biyu, kowane karo abin da nake samu daban. Ina kewar ƙuryar nan tamu, da garin itace a kan allo, da hannun da ke share mini wurin zama. Har yau in aka kira sunana a taro, sai na ɗan jira, ko Hauwa za ta amsa.